Takardar Shaida Ba Sadaka Ba Ce

 

Yau ina so mu yi shawara a kan wata magana da ta shafi kowane gida mai yaro a lakwal. Ga tambayar. Yaro ya kai ƙarshen karatunsa, amma bai iya abin da aka koya masa ba. Mi ya kamata malaminsa ya yi? Ya ba shi takarda don tausayi, ko ya hana shi don gaskiya?

Kada ka yi saurin amsawa. Ni kaina na taɓa amsawa da sauri, kuma na yi kuskure. Zan ba ka wannan labari in mun yi gaba. Amma bari mu fara da labarin wata lakwal ta ƙasa mai nisa, don abin da ya faru can an bincike shi, an ƙidaya shi, an rubuta shi. Kowa yana iya ɗaukar darasi a ciki.

Lakwal ɗin da kowa ya ci

A birnin Washinton, babban birnin Amurka, akwai wata lakwal ta gwamnati mai suna Ballou. Kamar lise take a wurinmu. Tana cikin unguwar talakawa, kuma yawancin ɗalibanta baƙar fata ne. Shekara da shekaru ana lissafa ta cikin lakwal masu rauni a birnin.

A watan Yuni na 2017 sai labari mai daɗi ya fito. Aka ce duk ɗaliban ajin ƙarshe na Ballou sun samu karɓuwa a jami'a ko wata babbar makaranta. Ɗalibai 164 suka karɓi takardar gama lakwal. Aka yi biki, uwaye suka yi murna, gidajen radiyo suka yaɗa labarin. Wa zai ƙi murna? Ƴaƴan talakawa ne suka ci gaba.

Kafin mu wuce, sai ka san abu guda. Tsarinsu ba irin namu ba ne. A nan Nijar, yaron kolej yana zama jarrabawar BEPC, na lise yana zama jarrabawar bak, kuma ƙasa ce take shirya su, ba lakwal ɗin yaron ba. A Washinton kuwa, makin da malamai suke bayarwa cikin aji, da yawan zuwan yaro, su ne suke kai shi ga takarda. Wato lakwal ita ce mai noma, ita ce kuma mai awo.

A watan Nuwamba na wannan shekara, ƴan jarida na gidajen radiyon WAMU da NPR suka samu littattafan kiran suna na lakwal ɗin, suka duba su. Abin da suka gani ya ba kowa mamaki. Shekarar karatu a can wajen kwana 180 ce. Rabin waɗanda aka ba takarda sun yi fashin fiye da wata uku ba da wani uzuri ba. Ɗaya cikin biyar, kwanakin da bai zo ba sun fi waɗanda ya zo yawa. Alhali dokar birnin ta ce wanda ya yi fashin darasi sau 30 ba uzuri, ya faɗi wannan darasi.

Akwai ƙari. Wata biyu kafin bikin, ɗalibai 57 kaɗai suke kan hanyar gamawa. Ranar biki suka zama 164. A jarrabawar gwaji ta birnin kuma, waɗanda suka ci Ingilishi a lakwal ɗin ba su kai 10 cikin 100 ba. Lissafi kuwa kusan babu ko ɗaya.

Yaya aka yi? Malamai da dama suka yi bayani. Suka ce ana matsa musu su ciyar da yara gaba. Suka ce an umurce su su ba yaro maki 50 cikin 100 ko da bai yi aikin ba. An kuma buɗe wasu gajerun darussa na ramuwa, na ƴan makonni, ana sa yara ciki don su maye gurbin karatun wata da watanni. Wasu malaman suka ce cikin waɗanda aka ba takarda har da waɗanda karatu da rubutu suke ba wuya.

Magajiyar garin Washinton, Muriel Bowser, ta sa aka yi bincike. Aka ɗauke shugabar lakwal ɗin daga muƙaminta. A watan Janairu na 2018 sakamako ya fito. Ashe ba Ballou kaɗai ba ce. Cikin ɗalibai 2,758 da suka gama lakwal-lakwal na gwamnatin birnin a 2017, guda 937 an ba su takarda ta hanyar da ta saɓa doka. Wato ɗaya cikin uku ke nan.

Dama hukumar ilimin birnin tana alfahari da lissafinta. A 2011, ɗalibai 53 cikin 100 ne suke gamawa. A 2017 suka kai 73 cikin 100. Da aka tsananta bin doka a 2018, lissafin ya sauko ƙasa da 70. Ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa.

Kada mu yi saurin zagi

Yanzu za ka ce: ai waɗannan malamai maƙaryata ne, magana ta ƙare. Dakata kaɗan. Sai mu shiga cikin rigarsu mu ji.

Yaran nan ba duka ne malalata ba. Wani yana aiki don ya taimaki gida. Wata ita ce mai kai ƙannenta lakwal da safe kafin ta zo tata. A lokacin kuma dokar birnin ta ce wanda bai zauna kashi 80 cikin 100 na yinin karatu ba, a rubuta shi bai zo ba sam. To, malami yana kallon yarinyar nan. Ya san halin gidansu. Ya san a ƙasarsu wanda ba shi da takardar gama lakwal, aiki mai kyau wuya yake yi masa. Zuciyarsa ta ce: in na kayar da ita, na rufe mata ƙofa. Bari in ɗaga ta, wataƙila ta gyaru a gaba.

Wannan tunani ba na mugu ba ne. Tausayi ne. Kai ma ka san irinsa. Ka san yarinyar da take daka da ɗebo ruwa kafin ta tafi lakwal. Ka san yaron da ake fiddawa daga aji lokacin girbi.

Ga kuma tsoro. Manya suna so lissafi ya hau kowace shekara. Da shi ake auna shugaban lakwal, shi kuma ya juya ya auna malamansa. Mai lissafi mai kyau ya samu yabo. Mai lissafi maras kyau ya ji tsoron rasa aikinsa, ga shi da iyali.

Tausayi da tsoro, su biyun nan suka haɗu suka haifi ƙarya. Shi ya sa maganar take da nauyi. Da mugunta ce kawai, da ba mu tsaya shawara ba.

Abin da ya faru da ni

Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Da rani muke karatu, bayan an kai amfanin gona gida. In lokaci ya ƙare sai a yi gwaji, mu aika wa manyanmu lissafi: mutum kaza suka shiga, mutum kaza suka ci.

Wata shekara ina da wani dattijo a ajina. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi garin ba. Bai taɓa fashi ba. Shi ne na farkon zuwa, shi yake shimfiɗa tabarmi. Amma idonsa ya yi rauni, kuma karatun yana shiga da wuya. Ya iya rubuta sunansa, ya san lambobi. Haɗa baƙaƙe su zama magana, da tarawa da ɗebewa a rubuce, nan ya tsaya.

Ranar gwaji na ga hannunsa yana rawa. Na ce a raina: wannan bawan Allah, sa'an babana, ya faɗi a gaban yara? Sai na tsaya kusa da shi, na riƙa nuna masa da yatsa. Ya ci. Aka ba shi takarda. Ya yi mini addu'a har na ji kunya. In faɗa maka gaskiya duka, ɗan'uwa, ba tausayi kaɗai ba ne. Lissafina ma ya ƙaru da mutum guda, kuma na ji daɗin haka.

Bayan ƴan watanni garin ya buɗe bankin cimaka. Ka san yadda yake: a sayi hatsi da kaka a ajiye, a sayar wa mutanen gari da sauƙi in damina ta faɗi, rumbuna sun yi ƙasa. Ana bukatar mai riƙe littafi. Jama'a suka ce: ga dattijo mai amana, ga shi da takarda. Suka zaɓe shi. Kunya ta hana shi ya ce bai iya ba. Ni kuma kunya ta hana ni magana.

Ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Wani awon ya rubuta, wani ya riƙe a ka, wani ya mance. Ranar lissafi, littafi ya faɗi abu ɗaya, rumbu ya faɗi wani. Sai gunaguni ya tashi. Wasu suka fara cewa ya ci amana. Mutumin da bai taɓa ɗaukar ƙwayar hatsin kowa ba, ga shi zaune a gaban jama'a kansa a sunkuye.

Ran nan na tashi na ce: "Jama'a, baba bai ci muku komi ba. Laifin nawa ne. Ni na shaida ya iya, alhali bai gama iyawa ba." Ban taɓa faɗin magana mai nauyin wannan ba. Da aka bi awon ɗaya ɗaya da bakin waɗanda suka saya, aka gane kuskuren rubutu ne. Sunansa ya wanku. Amma kwanakin da ya yi cikin baƙin ciki, wa zai maida masa su?

Na so in tsare shi daga ƙaramar kunya ta yini guda. Sai na jefa shi cikin babba.

Mi ake nufi da takardar shaida?

Duba sunan da kyau: takardar shaida. Shaida ce. Malamin da ya sa hannu yana cewa duniya: na gani da idona, wannan mutum ya iya. Waɗanda ba su san yaron ba za su dogara da wannan magana. Za su ba shi littafin kuɗi, ko awon magani a likita, ko aji cike da yara. In bai iya ba, malamin ya yi shaidar zur. Addini ya hana, al'ada ma ta hana.

Sadaka kuwa daban take. Sadaka kana bayar da abin da yake naka. Hatsinka ne, kuɗinka ne, lokacinka ne. Amma amincin takarda ba na malami ba ne shi kaɗai. Na jama'a ne. Wanda ya yi kyauta da shi, ya yi kyauta da kayan mutane.

Ka lura da waɗanda takardar ƙarya take cuta. Na farko shi ne mai riƙe da ita. Yana tafiya da tiya wadda gindinta ya huje, bai sani ba sai ranar awo. Ɗalibin Ballou da ya shiga jami'a bai iya rubutu sosai ba, can zai gamu da abin da aka ɓoye masa, kuma jami'a a Amurka da kuɗi ake yin ta.

Na biyu shi ne yaron da ya yi ƙoƙari da gaske. A Ballou akwai waɗanda suka zo kullum, suka yi karatu, suka ci da guminsu. Da asiri ya tonu, sai aka riƙa kallon takardarsu da shakka su ma. In aka samu yashi cikin buhu guda na gyaɗa, mai saye zai zargi buhunan garin duka.

Na uku su ne ƙannen da suke tafe. Wannan ita ce cuta mafi girma, kuma ba a ganinta da wuri. In mai gari ya aika wa hukuma cewa rumbuna cike suke alhali babu komi, wa zai kawo musu taimako? Haka lakwal take. In lissafi ya ce kowa ya ci, ba wanda zai tambayi don mi yara ba su zuwa. Ba wanda zai ƙaro malamai ko littattafai. An rufe ciwo da riga, ciwon yana ci.

To, a bar tausayi ke nan? A'a. A sa shi inda yake da amfani. Tausayi na gaskiya tun farkon shekara yake farawa, ba ranar gwaji ba. Da na ji tausayin dattijon nan yadda ya kamata, da na zaunar da shi gaba kusa da allo. Da na rubuta masa baƙaƙe manya manya. Da na je gidansa da la'asar mun maimaita. In duk da haka bai kai ba, in ce masa a keɓe: "Baba, saura kaɗan, mu ƙara rani guda." Wannan ya fi wuya. Nuni da yatsa minti biyar ne. Koyarwa wata da watanni ce. Sau da yawa abin da muke kira tausayi, gudun wahala ne.

Wa za a tambaya?

In lakwal ta yi ƙarya, kowa yana nuna malami. Malami yana da nasa laifi, ban kare shi ba, don hannunsa ne a takarda. Amma ba shi kaɗai ba ne.

Manyan da suke neman lissafi su ma sai a tambaye su. Ƙidaya ba laifi ba ce. Manomin da bai san damman da ya samu ba, bai san ko zai kai baɗi ba. Dole hukuma ta san yara nawa suke gamawa. Amma in ka ce wa mutum abincinsa yana rataye da lamba, kuma shi ne mai rubuta lambar, ka sa shi cikin jarraba. In ka hukunta mai faɗin gaskiya ka yabi mai ƙawata lissafi, gobe ba za ka samu mai gaya maka gaskiya ba. Wanda ya ga lissafi ya hau daga 57 zuwa 164 cikin wata biyu bai yi tambaya ba, shi ma yana da rabonsa a ciki.

Mu uwaye ma sai mu tambayi kanmu. A nan ƙasa ce take shirya BEPC da bak, amma wucewa daga aji zuwa aji a hannun lakwal yake, da makin da malamai suke bayarwa bisa 20. Sau nawa uba yake zuwa wurin mushe yana roƙo a ƙara wa ɗansa maki ya kai 10? Sau nawa ake aika kaza ko goro? Yaro ya wuce, ya sake wucewa, har ya isa gaban jarrabawar ƙasa. Can ba wanda ya san babansa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekarun da aka ɗaga shi a kafaɗa, duk a yini guda zai biya su.

Yaron ma yana da nasa. In ya kai lise ya yi hankali. Sai a gaya masa tun da wuri cewa takarda ba ta karanta wasiƙa, mutum ne yake karantawa.

Yadda lissafi yake ruɗi

Tun da yanzu ka iya lissafi, bari in nuna maka wani abu. Wannan misali ne kawai. A ce yara 100 suka shiga ajin farko na kolej. Bayan shekara 4, guda 40 suka zauna jarrabawa, 30 suka ci. Dirakta zai iya cewa: 30 cikin 40, wato kashi 75 cikin 100 sun ci. Bai yi ƙarya ba. Amma ina sauran 60? Wasu an kore su, wasu an yi musu aure, wasu sun tafi bida. In ka ƙidaya daga ranar shiga, 30 ne cikin 100.

Ka ga hanya biyu ke nan ta gyara lissafi ba tare da gyara karatu ba. Ta farko, a zubar da masu rauni a hanya don kada a ƙidaya su. Ta biyu, a rage tiya don kowa ya cika. A Amurka ana ƙidaya daga waɗanda suka shiga shekara 4 baya, don a toshe hanya ta farko. Sai Ballou ta bi ta biyu. Lakwal ta gaskiya ita ce wadda ta riƙe yaranta, kuma ba ta rage awo ba.

Abin da za ka iya yi

Da can in yaro ya kawo takardar maki, sai ka dangwala yatsa ka maida masa. Yanzu ka iya karatu. Wannan ƙarfi ne, ka yi aiki da shi.

Ka duba lambobin da kanka. Ka duba kwanakin da bai je ba. Da dare ka ce ya karanta maka shafi guda, ya gaya maka da Hausa abin da shafin ya ce. Ko ba ka jin Faransanci, za ka gane mai karatu da mai kame-kame. Ka ba shi lissafin kasuwa ya yi maka a rubuce.

In ƙungiyar uwayen ƴan lakwal ta kira taro, ka je. In dirakta ya faɗi yawan waɗanda suka ci, ka yi masa barka, sannan ka tambaya cikin ladabi: nawa suka shiga tun farko? Nawa suka bari, kuma don mi? Ƴan mata nawa ne a ciki? Kwana nawa aji ya zauna ba malami? Ba faɗa ba ne. Dirakta mai gaskiya zai ji daɗin waɗannan tambayoyi, don zai samu abokan ɗaukar kaya.

In kuma mushe ya ce ɗanka bai kai ba, sai ya maimaita aji, kada ka ɗauke shi maƙiyi. Ka tambaye shi inda raunin yake da yadda za a gyara. Ka rage wa yaron aikin gida lokacin karatu. Malamin da ya gaya maka gaskiya mai ɗaci ya fi ƙaunar ɗanka bisa wanda ya rufe ka da maki.

Kafin in rufe, nasan za ka so ka ji ƙarshen dattijon nan. Da rani ya zagayo ya komo aji. Na zaunar da shi gaba. Ɗansa ya sayo masa tabarau a birni. Ranar gwaji na tsaya can bakin ƙofa, hannuna a baya. Ya daɗe, ya yi gumi, ya share ya sake. Ya ci da kansa. Da na miƙa masa takarda sai ya ce: "Malam, wannan ita ce tawa. Waccan taka ce."

Kai ma in lokacin gwajinku ya zo, kada ka roƙi malaminka ya nuna maka da yatsa. Ka roƙe shi ya ƙara maka darasi. In kana da ra'ayi a kan wannan magana, ka rubuto da hannunka, ko layi uku ne. A karanta wannan shafi a aji, a yi muhawara.

Allah shi ba mu ilimi mai amfani, shi ba yaranmu sa'a ta gaskiya. Amin.